Bayan jirgin Arthur Foss ya yarda ya lanƙwasu

Jama'a, jiya da daddare falanki na ƙarshe ya zauna, sai da na yi kabbara ni kaɗai a ɗaki. Mako uku cur ina fama da bayan jirgin nan.

Ga waɗanda ba su ga farkon aikin ba, ƙaramin samfurin Arthur Foss nake haɗawa, jirgin katakon nan mai jan jirage da aka ƙera a Portland ta Amurka a 1889 da sunan Wallowa. Tsawonsa kusan ƙafa 120, nawa kuwa a ma'aunin 1:48 ya tashi ƙafa biyu da rabi. Haƙarƙari, wato katakan cikin jirgi da ake manna falankai a kansu, da gefuna ba su ba ni wuya ba. Bayan ne ya so ya kashe ni. Zagayayye ne kamar ƙwarya, falanki zai lanƙwasa kuma ya murɗe a lokaci guda. Na jiƙa cikin ruwan sanyi kwana guda, ya karye. Na tafasa, ya kumbura, da ya bushe ya bar tsaga kamar wushirya. Falankai goma sha ɗaya na yi asara, ga katakon da na sake saya naira dubu goma sha biyar, har yanzu abin na ci mini rai. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to nawa ya bushe tun a shago.

Ashe laifina ne, ina ta tura falanki da faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Da na rage faɗin da sanfefa daidai inda zai juya, na riƙe shi a bakin butar shayi tururi ya dake shi, na matsa shi a gefen dutsen guga mai zafi, sai ya bi salin-alin. Na ɗaure da roba ya kwana a kan haƙarƙarin babu gam, sai da safe na manna. Kada ku yi gaggawar gam ɗin nan, shi ya ɓata mini biyu.

Da niyyata in yi shi da kamanninsa na farko, mai injin tururi, lokacin da yake jan jirage a bakin kogin Columbia. Amma hotunan da nake bi duk na bayan 1934 ne, shekarar da kamfanin Foss ya sa masa injin dizal mai ƙarfin doki 700 ya sauya masa suna, na riga na yanka ɗakin matuƙi a kan su.

Saura fenti. Jirgin nan ya bar tsibirin Wake da ke tekun Pasifik sa'o'i kaɗan kafin Japan ta kai hari a Disambar 1941, daga baya sojan ruwan Amurka suka yi aiki da shi da sunan Dohasan, don haka ruwan toka, launin jiragen sojan ruwa, yana jana. Sai dai bayan wahalar da na sha, kore da farin kamfanin Foss ne zai fi fito da layin falankan, kuma ina so a gan su.