Tambayar da lakcara ya rubuta min da jan biro

Ni da farko lissafin mai sauƙi ne a kaina, ƙasar da take sayar wa duniya kaya fiye da abin da take saye ita ce mai ƙoƙari, mai giɓi kuma almubazzara ce kawai. Haka na zuba a asainmen ɗina na farko a kwas ɗin cinikin ƙasa da ƙasa, har ina jin na burge. Da takardar ta dawo sai ga jan biro a gefe: "To in kowa ya yi rara, aljanu ne za su sayi kayan?" Wallahi kwana biyu ina jin haushi kafin abin ya zauna min, ashe rarar da Jamus ko China ke yi wani ne can ya ci bashi ya saya, in ka haɗa na kowa da kowa sifili zai tashi.

Abin da ya fi tsaya min shi ne an hango matsalar nan tun taron Bretton Woods na 1944, inda ƙasashe suka zauna a Amurka don tsara harkar kuɗin duniya. Keynes, wakilin Birtaniya, ya kawo shawarar a yi kuɗin duniya mai suna bancor, kuma a riƙa cin tarar mai rara da yawa kamar yadda za a ci ta mai giɓi, don kada gyara ya zama na mai bashi shi kaɗai. Amurka ta ƙi, ai lokacin ita ce uwar masu rara, wa zai yarda ya yanke wa kansa bulala. Sai aka ɗaura komai a jikin dala, ita kuma aka ɗaure ta da zinare, dala 35 kowace oza. Masanin tattalin arziki Robert Triffin ya yi gargaɗi a 1960 cewa duniya ba za ta samu isasshiyar dala ba sai Amurka ta yi ta giɓi, giɓin kuma shi zai cinye amanar dalar. A 15 ga Agusta 1971 shugaban Amurka Nixon ya rufe ƙofar canja dala da zinare, tun 1976 kuma Amurka ba ta sake shekara babu giɓin ciniki ba.

Amma ita fa da kuɗinta take cin bashi. Tailan, Indonesiya da Koriya ta Kudu da dala ta yanke musu a 1997 sai da suka je gaban asusun ba da lamuni na duniya, IMF, aka ce su tsuke bakin aljihu. Daga nan ƙasashen Asiya suka shiga tara dala ba ji ba gani, ajiyar China ta kusa dala tiriliyan 4 a 2014, kaso mai tsoka kuma takardun bashin gwamnatin Amurka aka saya da shi. Wato wanda bai kai ka arziki ba shi ke ranta maka, nan ne na aje biro na daɗe ina kallon silin.

Ranar jarrabawa tambayar ta sake fitowa, na yi ta rubutu kan bancor har aka ƙwace takardar ban taɓa tambaya ta huɗu ba.