Ranar da rijiyoyin Kano suka koma Ganye

Laraba, bayan sallar isha'i.

Ban gama ajiye jaka ba da safe sai ga yarinyar da ke bautar ƙasa a ofishinmu ta taho da kwamfutarta a buɗe. "Malam, don Allah zo ka gani. Rijiyoyin nan da muka ɗauko jiya ba sa cikin Kano." Na leƙa. Ɗigogi shuɗɗa sun taru wuri guda a gefen Ganye, can jihar Adamawa, alhali da ƙafarta ta zaga unguwannin Kano ta ɗauki wurin kowace rijiyar burtsatse da na'urar GPS.

Nan take na gane inda gizo ke saƙa. Kano tana wajen digiri 12 a arewa, digiri 8 da rabi a gabas. In ka juya lambobin biyu, to ka sauka a Ganye. Na'urarta tana fara rubuta latitud (lambar arewa) kafin longitud (lambar gabas), ni kuwa ƙaramar manhajar da na rubuta na liƙa wa manhajar taswira ta QGIS, wadda muke kira filogin, tana ɗaukar sahun farko na jadawali a matsayin longitud. Wata takwas ina amfani da ita, wannan ƙa'ida tana cikin kaina, ban rubuta ta ko'ina ba. Yarinyar ta ce ta buɗe shafin bayanin filogin ɗin ta karanta. Jimla ɗaya ce a ciki: tana ɗora wuraren rijiyoyi a kan taswira. Abin ya tsaya mini a rai, domin ta yi duk abin da ya kamata, kuma har ta fara zargin kanta da ɓata aikin jiya.

Wannan kuskuren ma da sauƙi, tunda ido yana ganinsa. Wanda ke ba ni tsoro shi ne na tsofaffin takardun safiyo da aka auna da ma'aunin Minna, tsohon ma'aunin taswirar Najeriya. In ka shigar da su kamar na WGS 84 ne, wanda GPS ke bi, rijiya za ta goce da gomman mitoci kawai. Tana nan cikin unguwar, amma ta faɗa gidan maƙwabci, kuma ba wanda zai lura sai ranar da aka je gyara. Filogin ɗina bai taɓa faɗa wa kowa wane ma'auni yake tsammani ba.

Sai na ture sauran aiki gefe na zauna rubutu. Na fara da metadata.txt, fayil ɗin da QGIS ke karantawa kafin ya nuna filogin a jeri: suna, siga, taƙaitaccen bayani, cikakken bayani, mafi ƙarancin sigar QGIS da zai yi aiki a kanta. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Da QGIS 3 ya fito a 2018 ya koma Python 3, sabuwar sigar harshen da ake rubuta filogin da shi, tsofaffin filogin da yawa sun daina tashi sai da aka sake musu aiki. Ma'ajiyar filogin ta hukuma ta QGIS kuma tana neman adireshin inda ainihin rubutun manhajar yake, da inda za a kai ƙorafin matsala, da shafin da ke bayyana yadda ake amfani da ita, da lasisin da ya dace da GPL, wanda ke ba kowa damar amfani da manhaja da gyara ta. A da ina ganin waɗannan sharuɗɗa kamar cika fom ne. Yau na ga cewa kowane gurbi amsa ce ga tambayar wani da ba ya da ni a kusa da zai kira.

Aka ɗauke wuta bayan azahar, na ƙarasa da batir.

README, wato takardar bayanin yadda ake amfani da filogin ɗin, shi ne ya ci mini lokaci. Na rubuta abin da ke shiga: fayil ɗin jadawali na CSV, sahun farko longitud, na biyu latitud, a digiri mai ɗigo, ma'auni EPSG:4326, wato WGS 84. Na rubuta abin da ke fita. Na sa jadawalin gwaji mai rijiyoyi biyar da hoton yadda ya kamata su bayyana, don mutum ya gwada kafin ya zuba aikinsa na gaske. Na buɗe wani sashe na abin da filogin ɗin ba ya iyawa, na sa maganar Minna a sama. Wannan sashen ya fi yi mini wuyar rubutawa, kuma ina ganin ya fi sauran amfani. Na yi shi da Turanci, sannan na sake shi da Hausa saboda masu fita ɗaukar bayanai.

Kusan la'asar na miƙa wa yarinyar takardar na ce, "Ƙanwata, cire filogin ɗin ki sake sakawa, kada ki tambaye ni komai, takardar kawai za ki bi." Na koma kujerata ina kallon ta daga nesa. Sau ɗaya ta tsaya, a wurin da na ce a zaɓi fayil ban faɗi a wane menu maɓallin yake ba. Ta sa alama da biro ta ci gaba. Minti goma sha biyar, rijiyoyin suka dawo Kano.

Gobe in Allah ya kai mu zan gyara wurin da ta yi wa alama, in kuma sa filogin ɗin ya riƙa tambayar wane sahu ne latitud kafin ya ɗora ko ɗigo ɗaya.