Yadda muka mayar da gidan hutu gidan zama a karkarar Devon

A shekarar 2019 ni da maiɗakina muka sayi wata tsohuwar bargar shanu ta dutse a Devon, kudu maso yammacin Ingila, wadda aka riga aka gyara ta koma gida mai ɗaki uku. Kuɗinta bai kai na gidajen ƙauyen da ke kusa ba ko kaɗan, kuma lauyanmu bai ɓoye mana dalili ba. A takardar izinin gyaran akwai sharaɗi cewa masu zuwa hutu ne kaɗai za su riƙa sauka a ciki, ba za ta zama mazaunin kowa na dindindin ba, kuma dole mai gida ya ajiye rajistar sunayen baƙi da adireshin gidajensu. Na ji, na gyaɗa kai. Ni da na tashi a Zariya, inda ba mai tambayarka kwana nawa za ka yi a ɗakin da ka gina, na ɗauka rubutu ne kawai da za a goge in lokaci ya yi.

Bayan korona an yi cinikin gaske, don mutane sun kasa fita waje hutu. Da aka buɗe iyakoki sai kasuwa ta faɗi. Daga Afrilun 2023 kuma aka ce sai gidan hutu ya kasance a shirye don haya kwana 140 a shekara, an kuma kama shi haya aƙalla kwana 70, kafin a ci gaba da lissafa shi cikin masu biyan harajin kasuwanci. Da kyar muke tsallake saba'in ɗin. Wata rana cikin hunturu muka je duba gidan, muka tarar da danshi ya fara cin bangon kicin. Maiɗakina ta tsaya tana shafa wurin, ta ce, "Malam, haya muke biya a gari, ga namu a kulle yana lalacewa. Wannan wace irin asara ce?"

Hanyar da doka ta tanada ita ce sashe na 73 na dokar tsara birane da karkara ta 1990, wanda ke ba mutum damar neman ƙaramar hukuma ta cire wani sharaɗi ko ta sauya shi. Ni na cike takardun da kaina. Na rubuta shafi biyu kan tsadar haya da yaranmu da buƙatarmu. Aka liƙa sanarwa a jikin ƙofar shinge, aka ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, bayan kimanin mako takwas amsa ta zo: an ƙi.

Dalili biyu suka bayar. Gidan yana wajen iyakar da tsarin yankin ya shata wa ƙauyen, babu shago babu makaranta a kusa, duk wanda ya zauna a nan komai sai da mota. Sannan ban kawo wata hujja da ke nuna sana'ar saukar baƙi ta mutu a wurin ba. Shafuka biyun da na zuba zuciyata a ciki, layi ɗaya aka ba su a rahoton.

Raina ya ɓaci sosai, amma da na huce na gane inda suka dosa. Izini a can yana bin ginin ne, ba mutumin da ke ciki ba; mu za mu iya sayarwa gobe, izinin ya ci gaba. Kuma tun farko an yarda a gyara bargar ne saboda baƙi suna kawo wa karkara ciniki. In kowa zai shigo da sunan gidan hutu, bayan shekara biyu ya ce a cire sharaɗi, to an buɗe ƙofar baya ga gine-ginen da ba za a taɓa amince da su kai tsaye ba. Wannan ban ga laifinsu ba.

Wani dattijon manomi maƙwabcinmu ya ba ni shawara mu tare kawai mu yi shiru, don wanda ya shekara goma a jere yana saɓa sharaɗi ba tare da an ɗauki mataki ba yana iya neman takardar halasta zaman. Gaskiya ya faɗa, haka dokar take. Amma shekara goma kana zaune da iyalinka kana fargabar duk motar da ta tsaya a ƙofa, ga tarar kotu in an kama ka, ga rajistar ƙarya da za ka riƙa cikewa? Na yi masa godiya, na bar maganar.

Muna da wata shida na ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsare-tsare da ke Bristol, sai dai ƙwararriya kan harkar izinin gini da muka ɗauka ta hana mu, ta ce da hannu wofi za mu je. Abin da ta sa muka yi shi ne ya fi komai wuya: muka sa gidan a kasuwa don sayarwa wata goma sha biyu cur a matsayin gidan hutu, a farashin da ya dace da mai sharaɗi, dillali yana rubuta duk wanda ya tambaya da dalilin fasawarsa. Mutum huɗu suka zo gani, uku daga cikinsu wurin zama suke nema, suna jin sharaɗin suka juya. Muka haɗa da lissafin shiga da fita na shekara uku. Rajistar baƙin nan da nake gani kamar wahala, ita ta zama babbar shaidarmu, don watannin Nuwamba zuwa Maris shafukanta fari fat ne.

Da waɗannan hujjojin muka sake neman a cire sharaɗin. Jami'ar da ta zo duba wurin a wannan karo na biyu ba ta ko shiga falo ba. Cikin takalman roba ta zagaya, ta auna filin bayan gida ko zai ishi iyali, ta buɗe murfin tankin bahaya, ta tsaya a bakin hanya tana duba ko direba zai hango mota mai zuwa ta tsakanin dogayen shingayen nan na Devon. Majalisar ƙauyen kuma ta rubuta goyon baya, don suna son iyalai masu yara su zauna, ba gidajen da ke duhu rabin shekara ba.

A bazarar 2025 aka amince, da sabon sharaɗi cewa ba za mu ƙara ko ɗaki ɗaya ba sai mun sake neman izini. Tsakanin kuɗin ƙwararriya da na dillali da hayar da muka ci gaba da biya, rangwamen da muka yi murna da shi a 2019 ya tafi da yawa. Maganar mota kuwa jami'an ba su yi ƙarya ba: kullum da asuba nake fita da yara, minti ashirin zuwa makaranta, in mun haɗu da tarakta a siririyar hanyar sai na yi ta baya har inda za mu iya wuce juna.