Kafin ka sayi firinta, fara tambayar kuɗin tawadarta

Ƙannena, firinta uku na saya cikin 'yan shekaru, kuma biyu daga cikinsu asara ce wadda da na tsaya na yi tambaya da ban tafka ta ba. Tun da na ga da yawa daga cikinku sun fara sha'awar ajiye na'urar buga takardu a gida, wasu don aikin makaranta, wasu don hotunan suna da na biki, na ga ya kamata in faɗa muku inda na yi tuntuɓe.

Ta farko na saye ta ne saboda araha. Mai shago ya nuna mini ita, ga ta ƙarama mai sheƙi, tana bugawa, tana kwafi, tana ɗaukar hoton takarda, kuma farashinta bai kai rabin na sauran ba. Ban tambayi komai game da tawada ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, katirij, wato ɗan gidan tawadar da ake sa wa firinta, wanda ke zuwa cikin kwali sau da yawa ba a cike yake ba, na somin-taɓi ne kawai. Ban gama buga babi biyu na kundin kammala karatuna ba sai rubutu ya fara fita dishi-dishi, da na koma kasuwa kuwa aka faɗa mini kuɗin baƙi da mai launi, sai na lissafa na ga idan na canja su sau biyu ko uku na sake biyan kuɗin firintar gaba ɗaya. Irin waɗannan ƙananan katirij shafi ɗari da 'yan kai suke bugawa, shi ma idan rubutun bai cika shafin ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai launin, domin launuka uku ne a gida ɗaya: ranar da ruwan ɗorawa ya ƙare, sai fuskar ƙanwata ta fito shuɗi-shuɗi a hoton saukarta, alhali sauran launukan biyu suna nan da saura, amma dole a jefar da katirij ɗin duka.

Ita wannan firinta ba tsada ce ta kashe ta ba, zama ne. Na yi tafiya ta wata biyu a tsakiyar hunturu, na bar ta a kan tebur ba ko ƙyalle a kanta. Firinta mai tawadar ruwa tana fesa tawadar ne ta wasu ƙofofi da suka fi gashin kai siranta, kuma idan aka daɗe ba a buga komai ba, tawadar takan bushe a bakinsu ta toshe su, ƙura kuma ta ƙarasa aikin. Na dawo na yi ta danna umarnin wanke kan bugawa, wanda shi kansa tawada yake sha, har katirij ya ƙare takarda tana fita da fararen layuka. Da na san buga shafi ɗaya mai launi kowane mako ya isa ya hana wannan, da na bar wa wani a gida amanar yin hakan.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin a nan ganin kaina nake mai wayo. Na sayi ta hannu, mai leza, wato irin mai bugawa da garin tawada, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma firinta mai leza yawanci ba ta ɗaukar duka biyun kamar yadda cajar waya ke yi. An rubuta wannan ƙarara a wata 'yar takarda da ke manne a bayanta, amma ban duba ba. Ina jona ta na ji "fat", sai warin ƙonewa ya cika ɗakin. Ko da ta tsira, akwai wata matsalar da ke jirana, domin kamfanoni da yawa sun raba duniya shiyya-shiyya, katirij ɗin da ake sayarwa a nan ba lallai ne na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka ko Turai ta karɓe shi ba.

Ba ina kushe leza ba ne. Ga wanda aikinsa rubutu ne zalla, takardun makaranta, rasit, wasiƙu, babu kamarta, saboda garin tawada take amfani da shi, wanda ake kira tona, ba ya bushewa ko ta yi wata shida a ajiye. Sai dai tana narkar da garin ne a kan takarda da zafin da ya kusa digiri 200, don haka tana jan wuta ta ɗaruruwan wat, musamman lokacin da aka kunna ta, abin da kan sa ƙaramin janareto ya yi tari ko inbata ta ɗauke. Mai tawadar ruwa kuwa wat goma sha wani abu take ci yayin aiki. Ga hoto kuma, leza ba ta kai mai ruwa kyau ba.

Wadda nake amfani da ita yanzu mai tanki ce, irin wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Epson na da su da sunan EcoTank, Canon na da jerin PIXMA G, HP kuma Smart Tank. Kuɗinta na farko ya fi yawa, har sai da na yi jinkirin wata biyu ina tarawa, amma kwalbar baƙar tawada ɗaya mai mililita 65, a lissafin kamfanin Epson, tana kai shafi 4,500. Ita ma tana buƙatar a riƙa motsa ta kowane mako, a lulluɓe ta, kuma a guji tawadar da ba a san asalinta ba.

Game da hotuna, gaskiyar da na daɗe ban yarda da ita ba ita ce rabin kyan hoto daga takarda yake. Takardar A4 ta yau da kullum, mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita, tana shanye tawada ta yi laushi, launi ya dushe, yayin da takardar hoto mai giram 200 ko fiye take riƙe launin a samanta. Haka kuma yawancin tawadar launi ta firintocin gida rini ce, kuma rini yana koɗewa idan rana tana dukansa, kamar yadda na gani a hoton mahaifiyata da na rataye kusa da taga ba gilashi. Yanzu ina buga hoton fasfo da ƙananan hotunan yara a gida, amma duk hoton da nake so jikoki su tarar, ina tura shi gidan hoto a wanke, sannan in sa masa firam.