Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Inda Titi Ya Tsallake Dogo

Makon jiya na tsaya a ranar da shugaban ofishinmu ya ajiye mini taswira a kan tebur, ya ce in je in dubo wurin da sabon titi zai tsallake layin dogo a wajen garin Zariya. Shekarata biyu ke nan da gama karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ban taɓa zana gadar da jirgi zai bi ta ƙarƙashinta ba.

Sai dai dogo ba baƙona ba ne. A Hayin Dogo na Samaru aka yanke mini cibiya. Ƙarfen da ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, shi muke tsallakawa kullum mu tafi makarantar allo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan reluwe ne. A bakinsa na fara jin cewa Zariya mararrabar jiragen ƙasa ce: ga babban layin da ya isa Kano a 1911, ga reshen Ƙaura, ga kuma ɗan siririn layin Jos da aka shimfiɗa saboda kuza, aka rufe shi a 1957.

Abin da na fara tambayar kaina shi ne, wa zai hau, wa zai bi ƙasa? Amsar tana ƙafar jirgi. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba ya kama hanya kamar yadda taya ke kama kwalta, shi ya sa hawan mita 1 a cikin kowace mita 100 ma aiki ne ga jirgin da ya ɗauko kaya. Mota kuwa ta hau mita 4 a cikin 100 ba ta ji komai ba. Idan ana son tashi sama da mita 6, jirgi sai an yi masa cikon mita 600 a kowane gefe, titi kuwa kamar mita 150 ta ishe shi. Don haka titi ne mai rangwame, shi zai ɗaga ƙafa. Dogo yana nan inda aka ajiye shi tun kafin a haifi iyayenmu.

Na isa wurin da hantsi, ni da safiyo da yara biyu masu riƙe sandar awo. Muna kafa na'ura sai ga wani dattijo ya biyo layi a ƙafa, da doguwar guduma a kafaɗa, yana tafe yana duban kusoshi. Shi ne helman leburorin da ke kula da wannan yankin. Na rusuna na gaishe shi. Da na faɗi sunan mahaifina sai ya sauke gudumar, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Na shimfiɗa masa takarda a kan tsakuwa, na danne kusurwoyinta da duwatsu. Bai san karatun boko ba, amma da na nuna masa inda cikon marmara zai bi, sai ya ɗaga kai ya dubi gabas.

"Ɗana, ruwan fa?"

Na ce, "Baba, an sa kwalbati, ga shi nan."

"Ba can yake bi ba. Zo ka gani."

Muka taka kamar mita ɗari. Ya tsuguna ya tone tsakuwar gefen ƙarfe da hannu. Ta sama fara ce tas, mai kaifi. Ƙasa da tafin hannu kaɗan kuwa ta zama ja, laka ta cike tsakaninta ta daskare. Ya ce duk watan Agusta ruwan gonakin nan ta wannan kwarin yake gangarowa, kuma da ƙyar ɗan lambatun gefen layi yake ɗauke shi. In muka tare shi da ciko, ba shi da wajen zuwa sai kan dogo.

Wanda bai san aikin ba gani yake tsakuwar dogo ado ce. Ita ke riƙe katakan da ƙarfe ke kwance a kansu, ita ke raba nauyin jirgi ga ƙasa, kuma ta cikinta ruwa ke tsiyayewa. Da zarar laka ta toshe ta, duk tarago da ya wuce sai katako ya nutse ya taso yana tofar da taɓo, har layi ya lotsa. Daga nan sai a rage wa jirgi gudu, in ba a yi sa'a ba kuma ya sauka daga kan ƙarfe. Duk wannan na karanta shi a jami'a, amma ranar na fara taɓa shi da yatsuna.

Da yamma safiyo ya zo mini da abin da ya fi wannan tayar da hankali. Tsayin saman ƙarfe da muka auna bai zo daidai da wanda ke cikin zanen titi ba. Muka sake awo sau uku, bambancin yana nan, ya kusa kamu biyu. Ashe masu zanen titi daga wani turken awo suka fara lissafi, tsohuwar taswirar dogo kuma daga wani daban, kuma ba wanda ya haɗa su ya gwada. Da an zuba kankare a haka, ratar da ke tsakanin kan jirgi da cikin gada ta ragu da wannan adadin, alhali gada in ta bushe ba a ce mata ɗan ɗaga.

Har gobe wannan ne ke zuwa mini a rai idan na ga ana manyan ayyuka kafaɗa da kafaɗa. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne. Sabon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 milimita 1,435 ne, irinsa ne kuma aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2021 daga Kaduna zuwa Kano ta Zariya, ga kuma babban titin Abuja zuwa Kano da ake sabuntawa. A ganina, duk inda waɗannan za su gitta juna, kamata ya yi masu titi da masu dogo su tsaya a kan turke ɗaya kafin kowa ya ɗauki fensir, kuma su nemi mutumin da ke taka layin da ƙafarsa.

Daren nan ban runtsa ba. Da fitilar ƙwai na zauna na ɗaga gadar, na ja ginshiƙanta baya don su bar wa layi fili, ko da wata rana za a ƙara na biyu, na mayar da kwalbatin bakin kwarin da Baba ya nuna mini, na kuma faɗaɗa shi. Kowane gyara kuɗi ne, kuma an riga an kai wa masu aikin lissafin farko.

Washegari bayan sallar asuba na naɗe takardun, na ɗaure su a bayan babur. Da na shiga ofis na tarar da shugabanmu tare da ɗan kwangila, ana shan shayi. Na gaishe su, na ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana a kan gadar nan." Ya ajiye kofinsa ya ce in rufo ƙofa.

Abin da aka yi a ɗakin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.