Yadda na karɓi diyyata bayan soda ta ƙona min hannu

Shekara huɗu ina aiki a wani kamfanin sabulu a nan Kumasi, ni ne mai narkar da soda a cikin durom. Safar hannun da aka ba ni ta daɗe da yagewa, na yi magana har na gaji. Ranar da abin ya faru, bokiti ne ya kuɓuce min, ruwan sodar ya kwarara daga gwiwar hannuna ta dama zuwa yatsu. Da farko santsi kawai na ji, kamar na shafa sabulu, ashe fatar ce take narkewa. Wani ya rugo da manja, Allah ya taimake ni wata abokiyar aikinmu ta ture shi, ta riƙe hannun a ƙarƙashin famfo kusan rabin awa kafin a kai ni asibiti.

Da aka sallamo ni, manaja ya zo har gidanmu a Aboabo da ambulan, ya ce mu bar wa Allah. Na so in karɓa in ajiye aikin, don raina ya ɓaci. Kawuna, wanda ya tsufa a aikin kamfani, ya hana. Ya ce, "Ɗana, kada ka bar aikin nan sai ka sanar da su a rubuce."

Gaskiyarsa. Dokar Ghana ta biyan diyya ga ma'aikata ta 1987 ta ba da wata shida a sanar da mai aiki kuma a nemi haƙƙi, sannan dole sanarwar ta riga barin aiki. Dokar ƙwadago ta 2003 kuwa ta ɗora wa mai aiki ba da kayan kariya kyauta, da kai rahoton haɗari cikin kwana bakwai. Namu bai kai ba.

Na rubuta takarda, na ajiye kwafi, na tafi ofishin ƙwadago. Likita ya auna nakasar da hannun ya samu, jami'i ya lissafa da albashina. A nan na sha wuya, domin a hannu ake biyan mu, babu takardar albashi ko ɗaya. Sai da abokan aikina biyu suka tsaya min shaida, kuma na san sun saka abincinsu a haɗari.

An biya ni bayan zirga-zirga mai yawa, kuɗin ya fi na ambulan nesa ba kusa ba. Yatsuna biyu har yau ba sa lanƙwasuwa, sai da na sake koyon riƙe buta. Yaron da ya gaje ni a bakin durom, jiya na kai masa safar roba mai kauri da tabarau.