Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Kafin A Yi Suna

Makon jiya mun tsaya a rasuwar Kawu, wanda cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, dangi suka ce sammu ne. Kansar hanta ce, kuma tushenta ƙwayar cutar hanta nau'in B. Shekarun aikina a ɗakin haihuwa zan tsallake su, don maganar Inna ce ke ta dawo mini: "Jariri ba ya ganin rana sai an yi suna."

Allah Ya jiƙan Inna, amma kwana 7 ɗin nan ne ke cin mu. Uwa mai ɗauke da ƙwayar tana iya ba wa ɗanta wajen haihuwa, ta jini. Jaririn da ya kamu, 9 cikin 10 ba ta barin jikinsu har abada, alhali babba in ya kamu yawanci jikinsa na kore ta. Tana zaune shiru shekara 30 ko 40 tana cin hanta, ba zazzaɓi ba ciwo. In aka haɗa da gyaɗa ko masara mai fumfuna, haɗarin sai ya ninka.

Allurar farko ta rigakafin wannan cuta cikin awa 24 da haihuwa ake yin ta, rabin mililita a tsokar cinya. Sauran uku a mako 6, da 10, da 14. Tun 2004 tana cikin rigakafin yara a Nijeriya, kyauta. Inda ake ɓata aikin: a haihu a gida a jira suna, ko ma'aikaci ya ƙi buɗe kwalba saboda yaro ɗaya, ko a bar maganin ya daskare a firji. Maganin da ya daskare ya lalace, zubar da shi ake yi.

Ranar sunan da Inna ke jira kuma wanzami zai zo, askar da ta yi wa wani aski ita za ta cire beli. A saya masa sabuwar reza, kuɗinta nawa ne?

Mai ciki ta nemi gwajin HBsAg, wato gwajin jini da ke nuna ko tana ɗauke da ƙwayar, tun awon farko. In ƙwayar ta yi yawa a jini, likita zai ɗora ta kan tenofovir, maganin da ke rage ƙwayar, kada ta saya da kanta. Babban da likita ya ga hantarsa na cikin haɗari, hoton hanta duk wata 6. Kawu bai taɓa yin ko ɗaya ba. 'Ya'yansa biyu har yau sun ƙi gwaji, wai jikinsu lafiya lau, kuma zan koma musu ranar Juma'a.